Makulli ya ɓata, mota a kulle a bakin Katako: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Yamai nake. Jiya da la'asar na ajiye motata kusa da kasuwar Katako na shiga sayayya, da na fito na laluba aljihu babu makulli. Toyota Corolla ce ta 2006, ƴar Turai, kuma makulli ɗaya tal aka ba ni da na saye ta. Kart giriz ɗinta, wato takardar rajistar mota, ma yana cikin motar. Wasu samari sun ce su kawo waya su buɗe mini, wani kuma ya ce a fasa ƙaramin gilashin baya. Na dai bar ta a hannun mai gadi. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya bayyana maka shi. Ka yi daidai da ba ka bari an taɓa ta ba, domin matsala biyu ce a gabanka, ba ɗaya ba, kuma wadda kake gani ita ce ƙaramar. Buɗe ƙofar Corolla irin taka aikin ƴan mintoci ne a hannun wanda ya iya kuma yake da kayan aiki. Tayar da injin ba tare da makullinta na asali ba, nan ne kuɗi da lokaci za su tafi. Mutane da yawa sukan zuba ƙarfinsu a kan ƙofa, su lanƙwasa ta ko su fasa gilashi, su shiga su zauna a kujerar direba, sannan su tuna har yanzu babu abin da za su murɗa. Ga ɓarna an yi, ga mota tana nan inda take.

Kafin mu shiga taka, akwai hali ɗaya da duk wannan haƙuri ba ya aiki a cikinsa, kuma dole a faɗe shi saboda masu karantawa. In akwai yaro a cikin motar, ko tsoho, ko mara lafiya da ba ya iya buɗewa da kansa, ba a jiran mai makulli. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa, mota rufaffiya kuma a rana tana iya ƙara kusan digiri 10 a kan haka cikin minti goma na farko. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba nesa ba kusa ba. Wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kai kuma ka fasa gilashin ƙofar da ta fi nisa da yaron. Ka sami ƙarfe mai tsini ka daki kusurwar gilashin ta ƙasa, ba tsakiya ba. Tsakiya tana lanƙwasa ta mayar da duka, gefe ne rauninsa. Gilashin ƙofa yana ruguzuwa ƙanana-ƙanana kamar gishiri. Na gaba kuwa, babban, falle biyu ne da leda a tsakani, zai tsage amma ba zai ba ka hanya ba, kada ka ɓata lokaci a kansa. In an fito da yaron a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a wuce asibiti ko da ya yi kamar ya warware.

To, taka babu rai a ciki. Ka fara da abin da ba ya cin ko dala. Ka ja hannun ƙofofin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da kofur, wato ma'ajiyar kaya ta baya. A tsofaffin motocinmu ba abin mamaki ba ne ka tarar ɗan injin da ke kulle ƙofa ɗaya ya daɗe da mutuwa, mai mota yana danna telekomandi, wato abin kulle ƙofa daga nesa, yana tafiya, ƙofar baya tana kwana a buɗe bai sani ba. Ka leƙa ta gilashi ka duba bakin kontak, inda ake sa makulli a tayar da mota, kan kujera, tsakanin kujera da giya, da ƙasan tabarma. Wanda makullinsa ke ciki, da an buɗe ƙofa magana ta ƙare. Sannan ka kira wanda ya sayar maka da motar. Dillalai sukan riƙe makulli na biyu, wani da mantuwa, wani har sai an cika masa kuɗi, ya zauna a aljihun tebur shekara da shekaru. Ka kuma binciki wayarka: in ka taɓa ɗaukar hoton da makullin ya fito sosai, haƙoransa a bayyane, gwanin yanka makulli zai iya karanta zurfin yankan daga hoton.

Maganar da ke yawo cewa in wani ya danna telekomandi a bakin waya daga nesa mota za ta buɗe, ƙarya ce. Telekomandi igiyar rediyo yake aikawa, waya kuma murya take ɗauka. Haka ma labarin ƙwallon da ake hudawa a matsa a bakin makulli.

Yanzu yadda mai sana'a ke buɗewa, don ka gane na kirki daga wanda zai koyi aiki a kan motarka. Hanyar da aka fi bi ita ce ta ƴar jakar iska. Wata matashiya ce ta roba, shafal kamar tafin hannu, da ɗan famfo irin na abin awon jini. Ana zura ta a kusurwar sama ta bayan ƙofar gaba, tsakanin ƙarfen ƙofa da jikin mota, a hura a hankali har ƙofar ta ɗaga kamar kaurin yatsa, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba a wuce haka. Ta wannan ƴar kafa ake zura doguwar sanda siririya, ta fi mita ɗaya, wadda aka lulluɓe da roba don kada ta karce fenti ko ta yaga robar ƙofa, a kai bakinta ga maɓallin kulle na ciki ko hannun buɗewa. Da an buɗe sai a sace iskar, ƙofa ta koma mazauninta. Wanda ya zo maka da sukurdireba ko ƙarfen cire taya zai yi wannan aikin, ka sallame shi. Ƙarfe a wuri ɗaya yake danna nauyinsa, yana lotsa bakin ƙofa ya ɓare fenti, kan ƙofar kuma ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Ba za ka gane ba sai ka hau hanyar Dosso ka ji iska tana fito a kunnenka, ko hunturu ya zo ƙura ta cika maka kujeru, ko ruwan Agusta ya sauko ta saman ƙofa.

Wayar da samarin suka ce za su kawo, ko dai su zura ta ta sama su kamo maɓalli, ko su cusa ta tsakanin gilashi da robar ƙasansa su laluba cikin ƙofa. Ta biyun ta yi aiki a zamanin Peugeot 504 da tsofaffin Starlet, lokacin da sandunan ƙarfe tsirara ke haɗa hannun ƙofa da makulli. In ka kamo sandar ka ja, ta buɗe. Motocin bayan nan yawancinsu igiya ce cikin kube kamar ta birkin keke, ko an sa garkuwa a kan sandar, ga wayoyin gilashi da na sifika, a wasu ma har da na'urar da ke sanar da jakar iskar haɗari. Mai lalube a makance zai fi saurin ɓalle ɗan kilif ɗin roba da ke riƙe da sanda, daga nan ƙofar ta daina buɗuwa ta ciki da ta waje duka. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai hanya ta uku, kuma ga wanda makullinsa ya ɓace gaba ɗaya kamar kai, ita ce ta fi. Mai makulli na gaske yana da wani siririn ƙarfe mai ma'auni a jiki, kowane irin makulli da nasa, da yake sawa a bakin makullin ƙofar direba. A cikin bakin akwai ƴan faifan ƙarfe a jere, kowanne da tsayinsa, waɗanda haƙoran makulli ke daidaitawa kafin ya juya. Da wannan abin yana daidaita su ɗaya-ɗaya ya buɗe ƙofa kamar da makulli, kuma ya karanta lambar kowane faifai. Jerin lambobin nan su ne zanen makullinka. Da su zai yanka maka sabo a inji. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu, kuma ba a taɓa jikin ƙofa ba. Don haka tun a waya ka tambaye shi: zai iya karanta makullin daga ƙofa, ko buɗewa kawai ya iya?

Abin da ke hana wannan hanyar tafiya a garinmu shi ne ƙura. Mai telekomandi yakan yi shekara biyar bai sa makulli a ƙofa ba, faifan ciki su ƙame. Sai an fesa maganin sassauta tsatsa an jira kaɗan. Kada a ɗiga baƙin mai ko man girki, suna kama ƙura su zama laka.

Wata tangarɗa kuma ta motocin Turai ce. Da yawansu, Volkswagen da Peugeot da BMW da wasu Toyota ɗin da aka ƙera don can, suna da kulle mai ninki biyu. In ya shiga, hannun ciki da maɓalli duk sun mutu, an yi shi ne musamman don ɓarawon da ya fasa gilashi ya zura hannu ya tashi a banza. Mota irin wannan sanda ba ta buɗe ta, fasa gilashi ma ba ya buɗe ƙofar, sai dai mutum ya shiga ta taga. Ta bakin makulli kaɗai ake cin ta. Wasu Toyota masu jiniya kuma, in aka buɗe daga ciki ba da makulli ba, suna kururuwa su sake kulle kansu nan take, shi ya sa za ka ga mai aiki ya sa yaronsa ya riƙe hannun ƙofa ta waje, ya ja daidai lokacin da maɓalli ya ɗaga.

Batun ƙaramin gilashin baya, wanda ya ba ka shawarar ya auna da ido ne: ƙarami, don haka mai araha. Sau da yawa akasin haka ne. Gilashin ƙofa mai hawa da sauka ya fi samuwa a wurin masu kayan mota na hannu, kuma sa shi ba wuya. Ƙaramin nan na kusurwa kowane samfuri da siffarsa, na Corolla mai kofur daban da na mai gajeren baya, wani da gam aka liƙa shi, wani sai an kwance ƙofa. Kana iya yin makonni da leda da salatif kana jiran a samo. Kuma hannu ba ya kaiwa ko'ina daga can. In har fasawa ta zama dole, a fara tambayar masu sayarwa wanne ke akwai da kuɗinsa, a shimfiɗa bargo, bayan an gama kuma a buɗe marfin ƙofa a kwashe ɓaraguzan da suka zuba ciki, in ba haka ba su toshe ramukan fitar ruwa su kuma ci injin ɗaga gilashi.

Mu zo kan babbar maganar. Tun 1998 sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasashen Tarayyar Turai dole su zo da abin hana tashi, wanda makanikai ke kira antidemaraj. A cikin baƙar robar kan makullinka akwai wata ƴar ƙwaya da ba ta wuce ƙwayar shinkafa biyu ba, masu aikin suna ce mata pis, kamar na waya. Ba ta da batir. Zoben waya da ke kewaye da bakin kontak ne yake ba ta wuta idan ka sa makulli, ta faɗi lambarta, in ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ta san lambar ta saki mai da wuta. In ba ta sani ba, makullin da aka yanka zai buɗe ƙofa, ya saki sitiyari, ya kunna fitilun gaban direba, injin ya yi ta juyi ba ya kamawa, ƴar jar fitilar tsaro tana ƙyaftawa. A nan ne wasu ke kashe batir da demarar, wato abin da ke juya inji ya tashi, suna zargin famfon mai, alhali lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka sabon makulli aiki uku ne: yanka ƙarfe, samun pis irin wanda motar ke karantawa, da gabatar da shi ga ƙwaƙwalwa. Telekomandi na buɗe ƙofa daga nesa aiki ne na huɗu, daban yake, kuma kana iya barinsa sai ka samu sarari. Mota tana tashi ba shi.

Da kana da makulli ɗaya mai aiki, ƙara na biyu abu ne mai sauƙi. Babu ko ɗaya, sai an bi doguwar hanya. Mai aiki zai jona na'urarsa, wadda suke kira valiz, a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. A wasu Toyota ta nan ake goge tsofaffin makullai a buɗe rajista sabuwa, kuma motar tana sa a jira kimanin minti 16 kafin ta yarda. In ka ga ya zauna yana kallon agogo, ba wasa yake ba, kuma batirin mota dole ya kasance da ƙarfi, in wuta ta yanke a tsakiya ana iya komawa farko ko a rikita ƙwaƙwalwar. A Toyota na farkon shekarun 2000 kuwa, sau da yawa ta wannan kafar ba ta yiwuwa. Sai an ciro akwatin ƙwaƙwalwa ko na antidemaraj, a buɗe, a karanta wata ƴar ma'ajiya mai ƙafa takwas a kan allon, a rubuta mata sabon bayani. Aiki ne na mai hannu a natse. Ka sa sharaɗi ya adana kwafin abin da ya tarar a ciki kafin ya rubuta komai, don in an kuskure a sami inda za a koma. Taka ta 2006 tana iya faɗawa ko wane ɓangare, lambar shasi, wato lambar jikin motar, da akwatin da ke ciki ne za su nuna.

Ga masu wasu motocin: Peugeot da Citroën suna neman lambar sirri mai harafi huɗu da ke zuwa a wani kati tare da motar sabuwa, wanda da wuya ya iso Yamai da ita, ana iya ciro lambar daga akwatin wutar motar. Mercedes na bayan 1997, masu makullin roba mara haƙori, nasu ya fi tsada da wuya, ba kowane mai valiz ke taɓa su ba. Masu maɓallin tayarwa kuma su sani akwai siririn makullin ƙarfe ɓoye a cikin telekomandinsu, bakin makullin ƙofa kuma wani lokaci yana ƙarƙashin ɗan marfin roba a hannun ƙofar direba. Da yawa daga masu cewa mota ta kulle su waje, ɗan batirin telekomandin nan ne mai kama da kwabo, mai volt 3, ya mutu.

Akwai kuma hanyar wakilin kamfani, na Toyota a nan CFAO ne. Za su nemi lambar shasi, mai harafi da lamba 17, wadda babu I ko O ko Q a cikinta, in ka ga mai kama da O sifili ne. Tana kan kart giriz da takardar asiransi, a motoci da yawa kuma ana hango ta ta gilashin gaba, a ƙasa ɓangaren direba. Sai dai ka tuna motarka ta yi rayuwa a Turai, ta bi tashar jirgin ruwa, ta ratsa hannun dillalai. In an taɓa sauya mata kontak ko bakin makullin ƙofa a hanya, makullin da aka yanka bisa lambar shasi ba zai juya ba. Alamar haka: in tsohon makullinka yana tayar da mota amma ba ya buɗe ƙofa ko kofur da hannu, ka gaya wa mai aiki tun farko, don abin da ya karanta a ƙofa ba zai yi a kontak ba.

Idan za ka sayi telekomandi, ka kula da asalin motar. Na Turai a kan megahaz 433 suke magana, na Amurka yawanci 315. Suna iya zama kamar an tsaga kara a ido, amma ɗaya ba ya jin yaren ɗaya. Kada ka biya sai an gwada a gabanka.

Za a samu wanda zai ce maka a cire antidemaraj ɗin kawai a huta, ko a fasa kontak a haɗa waya da maɓalli. Yana da araha, kuma mota za ta tashi. A ganinmu kada ka yarda. Corolla mota ce mai farin jini, kayanta suna shiga ko'ina, kuma wannan ƴar ƙwayar ita ce kaɗai ke tsakanin motarka da duk wanda ya iya murɗa bakin kontak. Ranar sayarwa ma mai saye da ya san mota zai rage maka kuɗi a kanta.

Takardu. Ka je komisariya mafi kusa ka yi sanarwar ɓatan makulli, ka karɓi takarda. Ka riƙe katin shaidarka da takardar cinikin motar ko kwafin kart giriz in kana da shi a gida. Mai makullin da ya san mutuncin sana'arsa zai nemi shaida, kuma da an buɗe zai so ya ga sunan da ke kan kart giriz ya yi daidai da naka. Kada ka ji haushi; wanda bai tambaye ka komai ba, gobe haka zai buɗe wa wani taka. Takardar kuma tana kare ka a bakin kasuwa, inda ganin mutane sun taru a kan ƙofar mota da ƙarfe kan sa a yi ihun ɓarawo kafin a yi tambaya. Ka sa mai gadin ya tsaya tare da ku.

Ka kuma yi wa kanka tambaya: faɗuwa ya yi, ko zare shi aka yi? A cunkoson Katako duka biyun suna yiwuwa, kuma wanda ya zare yana iya zagaya wurin ajiye motoci yana danna telekomandi har wadda za ta ƙyafta masa ido. Don haka kada ta ƙara kwana a can. In aikin ba zai ƙare yau ba, da an buɗe ka kwashe takardu da kaya, ka cire kan batir, a ɗauke ta a kan plato, wato motar ɗaukar mota, zuwa gareji ko gida mai ƙofa. Kada a ja ta da igiya: sitiyari a kulle yake, ba za ta bi kwana ba, in kuma otomatik ce giyarta tana kan P, jan ta da ƙafafun gaba a ƙasa yana ɓalle abin da ke riƙe da giyar. Sannan lokacin rajistar sabon makulli ka ce a goge tsohon daga ƙwaƙwalwa, ka tabbatar an yi. Bayan gogewa tsohon ba zai tayar da inji ba, amma ƙarfensa zai ci gaba da buɗe ƙofa, sai in an sauya jerin faifan da ke cikin bakin makullin ko an sa sabon saiti. In makullin gida ko na shago yana rataye tare da shi, a sauya kwado yau ɗin nan.

Wurin ciniki, ka sa ya faɗa maka kuɗin kowane aiki daban: zuwa da buɗewa, yanka, pis da rajista, telekomandi. Ka nemi makulli biyu a zama ɗaya, domin na biyun a lokacin kusan kuɗin ƙarfe da pis kawai zai ci, tunda valiz tana jone. A Toyota ka tambaya ko an yi musu rajista a matsayin babban makulli, don akwai babba da ƙarami, kuma da ƙaramin, wanda a asali yakan zo da ruwan toka, ba a iya ƙara wani nan gaba cikin sauƙi. Kafin ka biya, ka gwada kowanne shi kaɗai, ɗayan yana nesa da motar kamar taku goma: ya buɗe ƙofar direba da hannu, ya buɗe kofur, ya tayar da inji sau uku a jere, jar fitilar tsaro kuma ta mutu da zarar ka sa shi a kontak. Ka karɓi lambar yankan a rubuce, ka ajiye ta a gida tare da makulli na biyu, ba a cikin motar ba.